SHARHI: Kuɗin bugu, tsoron jabu, da inda ɓarakar katin tallafi take a Katsina

A Ƙofar Marusa, kamar sauran unguwannin cikin birnin Katsina, labarin rabon tallafi kan riga motar kaya isowa. Abin da ake fara gani shi ne 'yar takarda mai faɗin tafin hannu, da hatimi, da sa hannu, wani lokaci da lambar da aka rubuta da biro. Wanda ya riƙe ta zai shiga layin shinkafa ko gero ko taki. Wanda bai samu ba sai ya tsaya daga nesa yana kallo, ko ya bi wanda ya samu biyu ya taya ɗaya.

Wannan takarda ba ta kai kuɗin kofin shayi ba wajen bugawa, amma tana tsaye a matsayin buhu sukutum. Daga nan matsalar take farawa. Duk shagon kwamfuta da ke da na'urar bugu mai launi zai iya fitar da irinta ɗari cikin minti goma, kuma mai sassaƙa hatimi ba ya tambayar abin da za a yi da aikinsa. Jami'an da ke shirya rabo sun san haka, shi ya sa shawarar da ta fi saurin zuwa bakinsu ita ce a ba wata maɗaba'a ta musamman kwangilar buga katin da ba ya kwaikwayuwa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a daina ɓarnar kuɗi a kan takarda, a mayar da komai cikin waya.

Batun ya fi ƙarfin muhawarar ofis. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar sakamakon tamowa. A jihar da ke cikin wannan hali, kowane buhu da ya ɓace hanya akwai gidan da ya kwana da yunwa a kansa, kuma kowace naira da aka kashe a bugun takarda an rage ta ne daga abin da za a raba. Ga zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin da rabon kaya ke yawaita, katuna kuma su zama kayan siyasa. Saboda haka ya dace a tambaya tun yanzu: nawa ya kamata gwamnati ta kashe wajen kare katin tallafi, kuma daga wane irin ɓarawo ake kare shi?

Takarda mai rai ɗaya

Najeriya ta san tsadar bugun da ba ya kwaikwayuwa, domin tana yin sa a kan naira. Tun 1963 aka kafa kamfanin buga kuɗi da muhimman takardu na ƙasa tare da haɗin gwiwar kamfanin De La Rue na Ingila. Rahoton Babban Bankin Najeriya, CBN, na shekarar 2020 ya nuna cewa an kashe kimanin naira biliyan 58.6 wajen buga takardun kuɗi biliyan biyu da rabi. Idan aka raba, kowace takarda ta ci kusan naira 23 a farashin wancan lokaci, kafin faɗuwar darajar naira ta 2023 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, daga takarda har tawada. A wannan shekarar dai, jabun kuɗin da bankin ya ce ya gano sun kai guda 67,265, waɗanda jimlarsu ba ta wuce naira miliyan 57 ba.

Wanda ya kalli alƙaluman nan biyu da gaggawa zai ce an kashe dubu don kare ɗaya. Lissafin bai tsaya nan ba, domin ƙarancin jabun da aka kama wani ɓangare ne na ribar tsadar da aka biya, kuma wanda aka kama ba shi ne duk wanda ke yawo ba. Sai dai akwai dalilin da ya sa wannan tsada ta halatta a kan naira kuma ba ta halatta a kan katin tallafi. Takardar naira tana wucewa ta hannu ɗaruruwa, daga mai shayi zuwa ɗan acaɓa zuwa mai kayan miya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da littafin da zai duba ya tabbatar da ita. Dole hujjar sahihancinta ta kasance a jikinta: zaren da ke ciki, hoton da ke bayyana idan an ɗaga ta ga haske, kaushin tawada a ƙarƙashin yatsa. Katin tallafi kuwa tafiyarsa ɗaya ce. Yana fita daga ofis, ya shiga hannun mai karɓa, ya koma wurin rabo, shi ke nan ransa ya ƙare. Mai karɓarsa a wurin rabo ma'aikaci ne da zai iya riƙe jerin sunaye da lambobi. Sanya wa irin wannan kati kariyar naira daidai yake da sa ƙofar ƙarfe a ɗakin da za a rushe gobe.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: kwangilar bugu mai tsaro ita kanta ƙofar cin kuɗi ce, domin ana fakewa da sirri a hana gasa, kuma ba kowa ke iya tantance farashinta ba. Badaƙalar kamfanin Securency na Ostireliya, wanda ya samar da ledar da aka buga ƙananan takardun naira a kanta, ta ɓulla a 2009 da zargin cin hanci a ƙasashe da dama, har da Najeriya. A 2024 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnan CBN, Godwin Emefiele, kan tuhumar da ta shafi kusan naira biliyan 19 na bugun sababbin takardun kuɗi, tuhumar da ya musanta. Gwamnatin jiha da ta ɗauki hanyar bugu mai tsada tana buɗe irin wannan ƙofa ce, ko da ƙarama.

Wani misali na lissafi zai nuna girman kowane abu kusa da ɗan'uwansa. Katsina na da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34. A ce an ware gidaje dubu ɗaya a kowace mazaɓa, katuna 361,000 ke nan. A ce kowane kati ya ci naira ɗari, an kashe naira miliyan 36 da 'yan kai. A ce kuma kowane kati na wakiltar kayan naira dubu 20, darajar rabon ta haura naira biliyan bakwai. Kuɗin bugu bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan kuwa kati ɗaya cikin goma ya faɗa hannun da bai dace ba, asarar ta ninka kuɗin bugun sau ashirin. Waɗannan alƙaluma na kwatance ne, amma duk yadda aka juya su sakamakon ɗaya ne: rage kuɗin bugu abu ne mai kyau, sai dai ribarsa ƙarama ce idan aka gwada ta da abin da ke zurarewa ta wata hanyar.

Abin da Amurka ta gano bayan shekaru

Ƙasar da ta fi daɗewa tana fama da wannan tambaya ita ce Amurka. Ta fara ba talakawa takardun sayen abinci a 1939, ta mayar da shirin na dindindin da dokar 1964. Shekaru da dama ana buga takardun da irin fasahar buga dala, a ɗaure su kamar ɗan littafi, a yi jigilarsu cikin tsaro, a adana su kamar kuɗi. Mai kanti ya karɓa ya kai banki, banki ya miƙa wa babban banki, a ƙirga, a lalata. Duk wannan wahala a kan takardar da aka yi amfani da ita sau ɗaya.

Kuma babbar asarar ba daga masu buga jabu ta zo ba. Takardun gaske ne ake sayar wa wasu masu kantuna a kan tsabar kuɗi, sau da yawa a rabin darajarsu, su kuma su karɓi cikakken kuɗi daga gwamnati. Ma'aikatar gona ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 1993 kusan santi huɗu cikin kowace dala na tafiya ta wannan hanya. Dokar 1996 ta tilasta wa jihohi komawa katin lantarki, aka kammala sauyin a 2004, takardun kuma suka daina aiki gaba ɗaya a 2009. Ƙiyasin asarar ya sauka zuwa kusan santi ɗaya. Sirrin yana cikin bayanan da kati ke bari: kowane ciniki na da lokaci da wuri da adadi, don haka ƙaramin shagon da ke cinikin da ya fi ƙarfinsa yakan fito fili a kwamfuta.

Ɓarayi ba su yi ritaya ba. Daga 2022 aka yi ta samun masu liƙa ƙananan na'urori a injin biyan kuɗi suna kwafe bayanan katin, suna kwashe tallafin mutane, har majalisar dokokin ƙasar ta amince a mayar wa waɗanda aka sata na wani lokaci. Fasaha ta rage asara sosai, ta kuma sauya mata kama.

Najeriya ta riga ta gwada duka biyun

Ba sai an je Amurka ba. A harkar taki, Arewa ta ga takarda, ta ga waya, ta ga kati. Kafin 2012 gwamnati ce ke sayen taki da kanta ta raba, kuma kowa ya san yadda yake ƙarewa a rumbunan shafaffu da mai ko ya tsallaka iyaka. Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan gona, ya sha faɗa cewa kashi 11 cikin ɗari na manoma ne kawai ke samun takin da aka yi wa rangwame. Tun kafin zuwansa an gwada takardar karɓar taki a Kano da Taraba a 2009 tare da cibiyar IFDC, inda manomi ke kai takarda ga dillali mai zaman kansa ya biya ragowar kuɗi. Gwajin ya nuna cewa idan aka raba aikin mai ba da takarda da na mai riƙe da kaya, sata na ƙara wuya, domin sai an haɗa baki da mutane da yawa.

A 2012 aka ƙaddamar da shirin GES, wanda ya maye takarda da saƙon waya. Manomin da aka yi wa rajista zai samu saƙo mai lamba, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin farashi, gwamnatin tarayya da ta jiha su raba ragowar a tsakaninsu. Kamfanin Cellulant ne ya riƙe ɓangaren fasahar. Kuɗin bugu ya kau, jabu ma ya kau, domin lambar da ba ta cikin rumbun bayanai ba ta aiki. Miliyoyin manoma sun shiga rajista. Sai dai a ƙauyuka da yawa saƙon ba ya zuwa, ko ya zo a wayar maƙwabci, ko a iske babu sabis a wurin rabo, har aka riƙa komawa jerin sunaye na takarda don a sallami jama'a. Wannan ne ya sa a 2014 aka gwada wani kati a Sakkwato da Abuja wanda ake karantawa da na'ura ba tare da sabis ba, a tura bayanan daga baya. Shirin bai mutu don jabu ba. Ya durƙushe ne bayan dillalai sun bi gwamnati bashin biliyoyin naira, gwamnati kuma ta sauya hannu a 2015.

An dawo da irin wannan tsari a ƙarshen 2023 a ƙarƙashin shirin NAGS-AP, da rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, aka fara da noman alkama na rani a Jigawa. Bayan zangon farko, ministan gona Abubakar Kyari da kansa ya koka da abubuwa biyu: rashin ingancin bayanan manoma, da haɗa baki tsakanin masu karɓa da dillalai ta yadda kayan ke komawa shagon da suka fito. Babu wanda ya buga jabun komai. Lambar ta gaske ce, sunan na cikin rajista, taki ne kawai bai je gona ba.

Ranar da sabis ya ɗauke

Masu kiran a koma waya kacokan suna da hujja, amma Katsina na da dalilin yin taka-tsantsan da ba kowace jiha ke da shi ba. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, kuma an shafe watanni kafin a dawo da su. Waɗannan su ne wuraren da suka fi buƙatar tallafi, kuma daga nan ne mutane da yawa suka yi gudun hijira zuwa cikin birni suka raɓe a gidajen dangi. Da a ce abincinsu na rataye da saƙon waya, da gwamnati da hannunta ta yanke shi. Ko a lokacin da layi ke aiki, mace da ke amfani da wayar mijinta, da tsohon da ba ya karanta boko, da wanda aka rufe wa layi saboda bai haɗa shi da lambar NIN ba, duk suna wajen tsarin. Matashin da ke karanta wannan sharhi a wayarsa cikin sauƙi yana iya mantawa da su.

Darasin canjin kuɗi bai tsufa ba. A watan Oktoban 2022 CBN ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kuma yaƙi da jabu na cikin dalilan da ya bayar. Sababbin takardun ba su wadata ba, manhajojin banki suka kasa ɗaukar nauyi, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, Katsina ma, jihar shugaban ƙasa na lokacin, ta shiga sahun masu ƙara, kuma a ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. An ƙona tsaro da wahalar jama'a don maganin cutar da ba ta kai maganin zafi ba.

Malawi ma ta bi wannan hanya. Ta fara rabon takardun rangwamen taki a 2005, ta sha fama da jabunsu, ta yi ta ƙara musu alamomin tsaro. A 2020 ta watsar da takarda ta koma katin ɗan ƙasa da ake karantawa da waya. Nan ma matsalar sabis ta tsayar da manoma a layi, rahotanni kuma suka nuna 'yan kasuwa na karɓar katunan talakawa a kan 'yan kuɗi kaɗan su je su fanshi takin.

Jabun da hatimi ba ya kamawa

Idan aka tattara waɗannan misalai, za a ga jabu iri uku ne, kuma na farko kawai maɗaba'a ke iya magancewa. Akwai katin da aka kwaikwaya a shago. Akwai katin gaske da aka buga fiye da adadin da aka bayyana, ko aka ware wani kaso tun daga ofis aka miƙa wa 'yan siyasa su raba wa yaransu. Akwai kuma katin gaske mai ɗauke da sunan wanda babu shi, ko wanda bai cancanta ba. Na biyu da na uku za su wuce kowace irin tantancewa, ko da an buga su da zaren zinariya, domin daga hannun hukuma suka fito.

Gwamnati da kanta ta amince da wannan. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta ce rajistar marasa galihu da aka gada daga gwamnatin Buhari ba abin dogaro ba ce, ta nemi jihohi su haɗa tasu. A watan Agusta aka sanar da naira biliyan biyar ga kowace jiha don rage raɗaɗin cire tallafin fetur, kowane gwamna ya raba yadda ya ga dama. A watan Oktoba aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira dubu 25 sau uku. Kafin a je ko'ina, a Janairun 2024 aka dakatar da minista Betta Edu kan takardar da ta nemi a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya, aka kuma dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci. Da aka dawo, sai aka ɗaura biyan da tantancewar NIN, abin da ya toshe wasu sunayen bogi, ya kuma jinkirta kuɗin mutanen gaske da ba su da lambar.

NIN na tabbatar da cewa mutum ɗaya ne, yana raye, bai karɓa sau biyu ba. Ba ta san ko shi talaka ne ko ɗan gidan kansila ba. Wannan sanin yana unguwa. A Ƙofar Marusa mai unguwa da liman da matan layi sun san gidan da aka rasa mai gida bana, sun san wanda ya sauki 'yan gudun hijira, sun kuma san wanda ke da shago biyu a kasuwa. Matsalar ita ce wannan sani ba ya haɗuwa da jerin sunaye, domin ba a nuna musu jerin.

Abin da ya fi araha, ya kuma fi tsaro

Tsarin da ya dace da Katsina ba ya buƙatar sabuwar ƙirƙira. Kati ne na takarda mai araha, wanda kowace maɗaba'a a cikin gari za ta iya bugawa bayan gasa a fili, ɗauke da suna, mazaɓa, abin da za a karɓa, ranar karɓa da wurin karɓa, sai lamba wadda kwamfuta ta zaɓo ba bisa jeri ba, a rubuce da kuma cikin zanen QR. Muhimmancin rashin jeri shi ne mai kwaikwayo ba zai iya hasashen lamba ta gaba ba. A wurin rabo, waya mai ɗauke da jerin mazaɓar, wadda aka loda tun kafin a fito, za ta karanta lambar ko babu sabis, ta soke ta nan take. Wanda ya yi kwafin kati ɗari bai samu komai ba face dama ɗaya, ita ma sai ya riga mai katin zuwa kuma ya yi kama da shi a gaban mutanen unguwarsu. Idan waya ta mutu, ga jerin takarda da za a dangwala a kai. Hukumar zaɓe na yin abin da ya fi wannan wuya da na'urar BVAS a rumfuna 6,652 na jihar cikin yini ɗaya.

Rubuta rana da wuri a jikin kati na da wani amfani da ya shafi rai. A 2024 an rasa rayuka a turmutsitsin rabo a Legas, Keffi da Bauchi, sannan a watan Disamba a Ibadan, Abuja da Okija. Mutane na turereniya ne idan ba su da tabbacin kayan zai kai kansu. Wanda ya san buhunsa na jiransa ranar Laraba da hantsi ba shi da dalilin kwana a bakin ƙofa.

Wannan tsari ma yana da kuɗinsa, kuma bai kamata a ɓoye ba: wayoyi, caji, horar da ma'aikata, da manhaja. Nan ma akwai tarko, domin kwangilar manhaja na iya zama sabuwar kwangilar bugu, a biya wani kamfani kuɗin shekara-shekara kan abin da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua za su fahimci yadda yake aiki cikin mako. Kariyar ita ce bayanan su zama mallakar jiha, a kuma yi amfani da na'urori iri ɗaya a rabon taki, na abinci da na azumi maimakon kowace ma'aikata ta sayi nata.

Jihar na da ginshiƙin da za a ɗora wannan a kai. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa shirin raya al'umma da ya sanya jami'ai da kwamitoci a matakin mazaɓa, da nufin jama'a su riƙa zaɓen ayyuka da masu cin gajiyar tallafi da kansu. Kusantar da hukunci ga unguwa abu ne mai kyau, amma kusanci kaɗai ba ya hana son kai, wani lokaci ma yana sauƙaƙa shi, domin ɗan kwamiti na da dangi da abokan jam'iyya kamar kowa. Abin da zai bambanta shi da tsohon salo shi ne a liƙa jerin sunaye a inda jama'a ke gani kwanaki kafin rabo, a buɗe hanyar ƙorafi da ba ta bi ta hannun wanda ya rubuta jerin ba, sannan bayan rabo a fitar da lissafi na kowace mazaɓa: katuna nawa aka buga, nawa aka bayar, nawa aka fansa, buhu nawa ya rage, ina yake.

Liƙa sunaye na da haɗarinsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana watsa bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba, don haka lambar NIN da ta waya ba su da wuri a jikin bango. A ƙauyukan da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke zaune cikin jama'a, sanar da wanda ya karɓi tsabar kuɗi na iya jawo masa bala'i, kuma a can karanta sunaye a gaban ƙaramin taron dattawa da wakilan mata ya fi liƙawa hikima. Akwai kuma mutunci: ba kowane magidanci ne zai so a ga sunansa a jerin mabuƙata ba. Amma a cikin birni, a rabon taki ko hatsi, ɓoye jerin ya fi amfanar mai rubuta shi fiye da wanda ke cikinsa.

Matasan da ke son bin diddigi suna da makami a hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta shafe su ba, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025 cewa ta shafe su. Wasiƙar da ƙungiyar matasan Ƙofar Marusa za ta rubuta kafin rabo na gaba ba ta buƙatar tsawo. Ta tambayi maɗaba'ar da aka ba bugun katin da farashin kowane ɗaya, adadin da aka buga wa mazaɓarsu, wanda ya sa hannu ya karɓa, da kwafin jerin sunayen da aka sallama a rabon da ya gabata.